MURYA, NUMFASHI DA TSAYUWA: YADDA ZA MU TAIMAKI MATASANMU MASU WASAN KWAIKWAYO

(Jawabin da aka gabatar a taron dattawa, iyaye da shugabannin matasa na ikilisiyoyinmu a Dutse. Mun buga shi a nan bisa roƙon waɗanda ba su sami zuwa ba.)

  

GABATARWA

Na san wasu sun yi mamaki da suka ga kan maganar da aka ba ni. Me ya haɗa fasto da koyar da numfashi? Bari in faɗa muku abin da ya kawo shi.

A Ista da ta wuce matasan ikilisiyar da nake hidima sun shirya wasan shan wuyar Ubangijinmu. Mako shida suna gwaji. Iyaye mata sun ɗinka riguna da kuɗin aljihunsu. Mun gayyaci maƙwabta, kuma wasu da ba su taɓa shiga ƙofarmu ba sun zo saboda mutuncin da ke tsakaninmu. Ana tsakiyar shari'a a gaban Bilatus sai aka ɗauke wuta, janareto kuma ya ƙi tashi. Yaran suka ci gaba, amma daga benci na huɗu zuwa baya ba mai jin abin da suke faɗa. Na baya suka fara hira. Yaron da ya fito a matsayin Yesu ya yi ta ɗaga murya har ta dishe kafin a kai Golgota. Da aka tashi, wani dattijo maƙwabcinmu ya kama hannuna ya ce, "Fasto, mun ga wasa, amma ba mu ji labari ba."

A zaman dattawa na gaba ra'ayi ya rabu biyu. Wasu suka ce a soke ƙungiyar wasan, ai dama wasa ne. Wasu suka ce a tara kuɗi a sayi manyan lasifika. Na roƙa a ba ni lokaci. Abin da zan faɗa yau shi ne amsata ga ɓangarorin biyu.

1. KO WASAN KWAIKWAYO YA DACE DA GIDAN ALLAH?

Dattawan da suke shakka ba su yi laifi ba, kuma ba su ne na farko ba. Wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, Tertuliyan, malamin ikilisiya a Kartaj ta Arewacin Afirka, ya rubuta yana hana masu bi zuwa gidajen wasa, domin wasannin zamaninsa cike suke da bautar gumaka da rashin kunya. Har ila yau, kalmar da Ubangiji ya yi amfani da ita a Matiyu sura 6 da sura 23, wadda muke fassarawa da munafuki, a harshen Helenanci asalinta tana nufin ɗan wasan da ke fitowa a dandamali. Wannan gargaɗi ne da ya kamata kowane ɗan wasa ya riƙe.

Amma mu duba abin da Ubangiji ya tsauta a kai. Munafuki yana kwaikwayo ne yana so a ɗauka gaskiyarsa ke nan. Yaron da ya sa rigar Bilatus a gabanmu bai yaudari kowa ba. Kowa ya san ɗan wane ne. Kuma Allah da kansa ya sha aikar bayinsa su nuna saƙo da jiki. Irmiya ya fasa tulu a gaban dattawa a sura 19, ya rataya karkiya a wuyansa a sura 27. Ezekiyel ya zana Urushalima a kan tubali a sura 4. Agabus ya ɗaure hannuwansa da ƙafafunsa da ɗamarar Bulus a Ayyukan Manzanni 21. Tun ƙarni na 10 ikilisiyoyin Turai suke nuna zuwan mata kabari da safiyar Ista a cikin sujada. A ƙauyen Oberammergau na ƙasar Jamus, mutanen garin sun yi wa'adi a lokacin annoba a 1633, suka fara wasan shan wuyar Almasihu a 1634, kuma suna maimaita shi kusan kowace shekara goma; sun yi shi a 2022.

A ƙasar Hausa ma kwaikwayo ba baƙo ba ne. Duk wanda ya zauna a Dutse ya ga yaran maƙwabtanmu suna tashe idan azumi ya kai kwana goma, suna koyar da tarbiyya cikin raha. Ɗalibai sun karanta Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi a makaranta. Mutanen da muke zaune a cikinsu sun san wasa mai kyau in sun gan shi. Wanda ba zai zauna ya ji wa'azina na minti arba'in ba, zai tsaya ya kalli labarin ɗan da ya ɓace. Saboda haka ni ban goyi bayan sokewa ba.

Ban kuma goyi bayan manyan lasifika ba. Muna zaune a tsakiyar maƙwabta, kuma waɗanda suke nan a watan Satumba na 2006, lokacin da aka ƙone majami'u da dama a garin nan, sun san darajar zaman lafiya. Ƙara wa unguwa ƙara ba shi ne shaida ba. Ban da haka, yawancin ikilisiyoyinmu na ƙauye ba su da wuta. Lasifika kuwa abin da aka ba ta take ƙarawa: in yaro ya tauna magana, taunanniyar magana za ta watsa.

Kafin a ƙirƙiro makirufo bayin Allah sun yi wa dubbai magana. Ezra ya tsaya a kan dandamalin katako ya karanta Attaura tun da safe har tsakar rana, jama'a kuma suka ji suka gane (Nehemiya 8). A 1739 Benjamin Franklin ya auna nisan da muryar mai bishara George Whitefield take kaiwa a titin Filadelfiya ta Amurka, ya lissafa cewa mutum fiye da 30,000 za su iya jin sa. A ranar 7 ga Oktoba 1857 Charles Spurgeon ya yi wa mutum 23,654 wa'azi a Landan da muryarsa kawai, kuma cikin darussan da ya koya wa ɗaliban kwalejinsa ta fastoci akwai na murya da na tsayuwa. Mu majami'unmu ba su wuce mutum ɗari biyu ko uku ba. Abin da muke nema bai fi ƙarfin yaranmu ba, koyarwa ce ba a ba su ba.

2. NUMFASHI

Daga numfashi za mu fara, domin daga nan Allah ya fara. Farawa 2:7 ta nuna mana mutum ƙasa ne kawai sai da Allah ya hura masa numfashi. Murya kuwa numfashi ne da aka ba shi sauti.

Ku tuna da maƙeri. Ba ya hura wuta da bakinsa. Zugazugi yake dannawa, iska ta fito daidai ba yankewa. Allah ya sa mana zugazugi a jiki. A ƙarƙashin huhu akwai wani faffaɗan nama mai kama da ƙwaryar da aka kife, wanda ya raba ƙirji da ciki; likitoci suna kiransa dayafram. Idan muka shaƙi iska yana sauka ƙasa, ya tura kayan ciki, ciki ya ɗan fito, haƙarƙarin ƙasa su buɗe. Ku kalli jariri yana barci: cikinsa ne yake tashi yana sauka, kafaɗunsa ba sa motsi.

Matsalar ɗan wasa ita ce tsoro. Da ya ga idanun jama'a sai ya ɗage kafaɗu, ya matse ciki, ya ja 'yar iska a saman ƙirji. Iskar ba ta kai shi ƙarshen jimla, sai ya matse maƙogwaro don ya tatso sauran kalmomin. Dalilin da ya sa kuke jin farkon maganar yaranmu ba ku jin ƙarshenta ke nan.

Ga atisaye uku da ba sa bukatar ko kwabo.

Na farko: yaro ya kwanta rigingine a kan tabarma, ya lanƙwasa gwiwoyi, ya ɗora littafin waƙoƙi a kan cibiyarsa. In ya shaƙa littafin ya tashi, in ya fitar ya sauka. Minti biyar kullum. Bayan mako guda ya gwada a zaune da hannu a ciki, sannan a tsaye.

Na biyu: ya shaƙa ta hanci yana ƙirga huɗu a zuci, sannan ya fitar da sautin "sss" siriri, ba ƙaruwa ba raguwa, wani yana duba agogo. Ya fara da daƙiƙa 10, ya riƙa ƙarawa har ya kai 20 ko 25. Ba gasa ba ce. Wanda ya ji jiri ya zauna ya huta. Abin da ake nema shi ne iska ta fito daidai, kamar yadda mai busa algaita yake riƙe sauti.

Na uku: a ɗauki takardar wasan a sa alama da fensir a duk inda za a shaƙi iska. A shaƙa inda tunani ya ƙare, kada a tsakiyar magana. Yaro ya haddace wuraren numfashi kamar yadda ya haddace kalmomin.

Mutum mai hutawa yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, tsoro kuma yana hanzarta shi. Kafin yaro ya fita dandamali, ya tsaya ya fitar da iska a hankali sau uku, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Wannan yana kwantar da bugun zuciya. Ya haɗa da gajeriyar addu'a.

3. MURYA

Ku taɓa zakaran wuyanku, ku ce "aaa". Kun ji yana karkarwa? A bayansa akwai wasu 'yan naman tantani guda biyu, tsawonsu bai wuce santimita 2 da ɗan kai ba. Iska daga huhu ce take kaɗa su. Na babban namiji suna kaɗawa sau ɗari da 'yan kai a daƙiƙa ɗaya, na mace kusan sau 200 ko fiye, na yara sun fi haka.

Tsirkiyar gurmi ita kaɗai ba ta da amo. Ƙoƙon da aka ɗaura ta a kai shi ne yake cika sautin. Haka tantanin murya. Ƙoƙonsa shi ne maƙogwaro da baki da hanci. Wanda ya buɗe waɗannan, murya za ta cika ɗaki ba tare da wahala ba. Wanda ya rufe su ya dogara ga ƙarfi, tsirkiya zai tsinka. Abin da ya sami yaronmu ranar Ista ke nan. Ihu yana buga tantanin nan biyu da juna da ƙarfi, su kumbura, murya ta dishe. In an daɗe ana haka, 'yan ƙulli kamar kanta suna iya fitowa a kansu.

Ɗaga murya daban, ihu daban. Ku je kasuwar Shuwarin ku saurari mai tallan da ya shekara ashirin yana sana'ar: tun safe har yamma ana jin sa daga nesa, kuma gobe zai dawo da muryarsa. Ku saurari sanƙira a wurin biki. Ba sa matse wuya. Suna buɗe baki, suna jan wasula, iska tana tahowa daga ƙasa.

Kafin kowane gwaji a ɗumama murya na minti goma, kamar yadda 'yan ƙwallo suke motsa jiki kafin wasa:

(a) A yi hamma da gangan sau uku, a sauke ta da ajiyar zuciya mai sauti. Hamma tana buɗe maƙogwaro.

(b) A murza muƙamuƙi da yatsu, a bar haɓa ta saki.

(c) A rufe leɓe a yi "mmm" a hankali har a ji ƙaiƙayi a leɓe da hanci, sannan a buɗe zuwa "maa, mee, mii, moo, muu".

(d) A kaɗa leɓe kamar yaro yana kwaikwayon babur, ana hawa ana sauka.

(e) A sa siririn bututun roba na shan lemo a baki, a yi sauti ta cikinsa daga ƙasa zuwa sama. Masu kula da murya a asibitoci suna amfani da wannan dabara domin tana rage wa tantanin nauyi.

Bayan haka sai atisayen nisa. Wani ya tsaya taku biyar daga ɗan wasa ya saurara. In ya ji kowace kalma, ya ja baya taku biyar, har ya kai bangon ƙarshe. Ɗan wasa kada ya ce a ransa "bari in ƙara ƙarfi", ya ce "da wancan mutumin nake magana". Ni nakan ce wa yaranmu: akwai wata tsohuwa a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, kunnenta ya yi nauyi, kuma wataƙila yau ce ranarta ta ƙarshe ta jin labarin nan. Da ita za ku yi magana.

Idan a fili za a yi wasan, a sa 'yan wasa su ba bango baya, ko katanga, ko ɗaya daga duwatsun da Allah ya cika garin nan da su, domin sauti ya dawo wajen jama'a. A lura da inda iska take kaɗawa, a tara masu kallo kusa da juna. Ubangiji ma ya zaɓi wuri: ya shiga jirgi ya ɗan matsa daga gaɓa, sannan ya koyar da taron (Luka 5:3).

4. FURUCI

A nan ne nake so mu daɗe, domin a nan ne muka fi rauni. Manzo Bulus ya yi tambaya a 1 Korintiyawa 14:7-9 cewa in ƙaho bai ba da sautin da za a gane ba, wa zai shirya fita yaƙi. Murya tana iya kaiwa bangon baya amma a kasa gane maganar.

Ikilisiyoyinmu haɗin gambiza ne. Akwai Hausawa 'yan ƙasa, akwai waɗanda aiki ko karatu ya kawo su daga Filato, Kudancin Kaduna, Adamawa, Gombe, Binuwai da Kudu, musamman tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011. Hausa ce take haɗa mu, amma da yawanmu ba mu tashi da ita ba. A hira ta yau da kullum ba wanda zai damu. A dandamali kuwa, a gaban Bahaushen Dutse, harafi ɗaya yana juya saƙo.

A wasan nan na Ista, yaron da ya fito soja ya ce a kawo rawanin kaya, maimakon rawanin ƙaya. A daidai wurin da ya kamata zukata su karaya, sai dariya ta tashi daga baya. Wanda ya ce Ubangiji ya ji kishi a kan gicciye ya faɗi wani abu daban da ƙishi. Kura dabba ce, ƙura kuwa hunturu ke kawo ta. Wanda ya ce "bata" bai ce "ɓata" ba. "Da" ba "ɗa" ba ne, mu kuwa bangaskiyarmu duka a kan Ɗan take. Haka jan wasali da karin sauti: garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya, baki ne yake raba su.

Maganin wannan yana cikin ikilisiya. Kowace ƙungiyar wasa ta nemi dattijo ko uwa ɗaya wadda Hausa ce harshen da ta sha a nono, ta zauna a gwaji tana gyara. Da ɗan gari akan ci gari. A rubuta takardar wasan da haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ, ko da da hannu za a ƙara su. A maimaita 'yan jimloli irin waɗannan a hankali, sannan da sauri: "Ya ɗauki kaya ya taka ƙaya." "Kura ta tada ƙura." "Tsohuwa ta tsaya a tsakar gida." Kuma kada a yi wa kowa dariya a wurin gwaji. Musa ma ya yi kukan nauyin baki, Allah bai fasa aikensa ba (Fitowa 4:10-12).

Sauri shi ne abokin gāba na biyu. Yaro mai tsoro yana so ya gama ya sauka. Ku koya masa ya rage gudu, ya kai kowace kalma ƙarshenta, ya yi shiru bayan magana mai nauyi. In jama'a suna dariya ko tafi, ya jira su lafa. Kuma ya san ma'anar abin da yake faɗa. Wanda bai gane maganar Bitrus ba lokacin da ya yi musun Ubangiji, ba atisayen da zai sa muryarsa ta yi rawar da ta dace. Saboda haka kowane gwaji ya fara da karanta nassin da aka ɗauko wasan daga ciki.

5. TSAYUWA

An yi wani ɗan wasa mutumin Ostiraliya, Frederick Matthias Alexander, wanda aka haifa a 1869. Duk lokacin da ya hau dandamali muryarsa takan dishe. Likitoci suka ce ya huta. In ya huta ta dawo, in ya hau ta sake tafiya. Sai ya kafa madubai yana kallon kansa yana magana. Ya gano cewa da ya buɗe baki yakan ja kansa baya ya danne wuyansa, ya matse maƙogwaro, ya zuƙi iska da ƙarfi. Da ya daina wannan, muryarsa ta tsaya. Har yau makarantun wasan kwaikwayo da na kiɗa a ƙasashe da yawa suna koyar da hanyarsa.

Mu ba ma bukatar zuwa nesa. Ku kalli Bafillatana ɗauke da ƙwaryar nono a kanta daga ruga zuwa cikin gari. Wuyanta a miƙe, kafaɗunta a sake, idonta a gaba, ba ta sandare ba kuma ba ta ranƙwafa ba. Tsayuwar da ɗan wasa yake bukata ke nan. 'Ya'yanmu kuwa waya ta sunkuyar da su. Wuyan da ya wuni a lanƙwashe ba zai ba murya hanya da yamma ba.

Ga yadda za a duba daga ƙasa zuwa sama. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin ƙugu, nauyi a kan duka biyun. Gwiwoyi a sake, kada a ƙame su. Ƙame gwiwa a tsayuwa mai tsawo cikin zafi yana iya sa mutum ya yanke jiki ya faɗi. Kada a turo ƙirji kamar soja a fareti, domin hakan yana kulle haƙarƙari. Kafaɗu a ɗaga su har kunne sannan a sake su, inda suka faɗa nan ne wurinsu. Haɓa kada ta kalli sama ko ƙirji. A ɗora gammo da ƙaramar ƙwarya a ka, a yi tafiya daga bango zuwa bango ana faɗin kalmomin wasan. In ƙwarya ta faɗi, wuya ne ya motsa.

Sai dokokin dandamali. Kada a ba jama'a baya ana magana. Mutum biyu masu zance su karkato rabi wajen masu kallo. Kada a tsaya a gaban mai magana. A daina rangaji da sosa kai da wasa da riga. In za a miƙa hannu a miƙa shi sosai, domin na baya ya gani.

Bayan yaro ya iya tsayuwarsa ne zai iya aron ta wani. Waɗanda suka kalli marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, wanda ya rasu a 2023, za su tuna cewa kafin ya buɗe baki an riga an san soja ne ya shigo. Haka ya kamata a gane Bilatus daga tafiyarsa, a gane ɗan da ya ɓace daga kafaɗunsa. Amma ko mai fitowa a tsohon da ya ranƙwafa, ya lanƙwasa daga ƙugu da gwiwa, ya bar wuyansa a buɗe.

6. KIYAYE MURYA

Manyan wasanninmu biyu suna faɗowa a lokacin da ya fi wa murya wuya: Kirsimeti a tsakiyar hunturu da ƙura, Ista a tsananin zafin bazara. Dukansu suna busar da maƙogwaro.

A sha ruwa a kai a kai tun safe. Ruwan da aka sha ba ya bi ta kan tantanin murya, hanyar abinci daban take, sai ya shiga jiki tukuna; don haka kofi ɗaya a bakin dandamali bai isa ba. Zuma da citta suna sanyaya maƙogwaro, amma ba sa gyara muryar da aka wahalar. A yayyafa ruwa kafin a share ɗakin gwaji. A nisanci hayaƙin itace da na taba. A rage yawan gyaran murya da kakari, a haɗiye miyau ko a kurɓi ruwa. In murya ta dishe a huta da magana, kuma kada a koma raɗa, domin raɗa ma tana gajiyar da ita. Samarin da muryarsu take fashewa, wajen shekara 12 zuwa 15, kada a tilasta musu ihu ko waƙa mai tsini. Duk wanda dishewarsa ta wuce mako uku, ko yana jin zafi wajen haɗiya, ko ya ga jini, a kai shi wurin likita. Ga Asibitin Rasheed Shekoni nan a cikin gari. Jikinmu haikalin Ruhu Mai Tsarki ne (1 Korintiyawa 6:19), maƙogwaro kuma yana ciki.

7. ROƘONA GA DATTAWA DA IYAYE

Na ɗaya, a ba matasa ɗakin sujada sau biyu a mako, a fara wata biyu kafin ranar wasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, a yi gwaji da rana, a tashi kafin magariba, kuma kullum a sami dattijo ɗaya da uwa ɗaya a wurin. Wannan zai kwantar da hankalin iyayen 'yan mata, ya kuma rufe bakin masu zargi.

Na uku, fasto ko dattijo ya karanta takardar wasan tun farko. Kada a kwaikwayi addinin maƙwabtanmu, ko shigarsu, ko wata ƙabila don a ba da dariya. Labarin Almasihu muka zo bayarwa.

Na huɗu, a yi gwajin ƙarshe ba makirufo, dattawa suna zaune a bencin baya. In ba ku ji ba, ku ɗaga hannu.

Na biyar, malaman makarantar Lahadi, masu karanta nassi, mawaƙa, har da mu fastoci, mu shiga atisayen nan. Ni da nake muku magana na sha komawa gida ranar Lahadi ba murya, sai da na koyi abin da nake koya muku.

KAMMALAWA

Yaron da muryarsa ta dishe ranar Ista ya zo wurina yana cewa ba zai ƙara hawa dandamali ba, ya kunyata Ubangiji. Na ce masa laifin namu ne da muka tura shi gona ba fartanya. Wata uku ke nan yana kwanciya da littafi a ciki kowace safiya. Lahadin da ta wuce shi ya karanta nassi, ba wuta, kuma tsohuwar bencin ƙarshe ta amsa da Amin.

Daga cikin yaran nan ne masu bishara da malamai da dattawan gobe za su fito. Wasu za su tsaya a gaban hukuma su yi magana a madadin ikilisiya, kamar yadda Bitrus ya miƙe ya ɗaga murya ranar Fentikos. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina roƙon zaman dattawa na kowace ikilisiya ya sa wannan magana cikin abin da zai tattauna kafin ƙarshen wata mai zuwa, domin a fara shirin Kirsimeti da wuri.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai ka ba mu numfashi, kai ka yi baki da harshe. Ka tsarkake muryoyin 'ya'yanmu, ka kawar musu da tsoro, ka sa duk wanda ya zo kallo ya koma da labarin Ɗanka a zuciyarsa. Ka ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu a Dutse da dukan Jihar Jigawa. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.